Ɗinki Uku a Tumbin Farin Sa

Tunda kun ce sai na ba ku labari kafin in kwashe takarduna, to ku gyara zama. Shekara talatin da ɗoriya na yi a aikin dabbobi, amma ranar da ta ƙi barin raina ita ce ranar da na buɗe cikin san Malam Isiya, a wani ƙauye arewa da Kunci.

Lokacin ana tsakiyar wahala. Ku da kuka tarar da firji cike da magani ba za ku gane ba. An ce a tsuke bakin aljihu, sito ya bushe, motar ofis tana kan duwatsu. Ni mataimaki ne, wanda mutanen ƙauye ke kira malamin dabbobi. A ƙa'ida nawa allura ce da wanke ciwo da miƙa wa likita kaya, tiyata kuwa tasa ce. To likitan yana Kano, sai ya samu mai yake leƙo mu. Zuwansa na ƙarshe ya bar mini jakar tiyata ya ce, "Sabo, ka sha ganin yadda nake yi. In dabba za ta mutu tana jirana, kada ta jira."

Daminar bara ba ta yi kyau ba, harawa ta ƙare tun tsakiyar rani. Kun san ƙasarmu, gona manne da gona, babu dajin kiwo. Dabbobi suka koma juji suna cin abin da suka samu: leda, tsumma, igiyar buhun taki.

Malam Isiya dattijo ne mai shanun huɗa biyu, fari da ja. Farin ne ya daina tuƙa, ya rame, kwiɓinsa na hagu ya yi tauri. An ba shi kanwa, an ɗura masa man gyaɗa, shiru. Ga hadari ya fara haɗowa a gabas, garma kuma ba ta tafiya da sa ɗaya. In farin ya faɗi, noman gidan na wannan shekara ya faɗi, kuma bakin da ke ci a gidan ya fi goma.

Na danna kwiɓin na ce, "Baba, leda ce. A tumbin sa akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke narka kara da ciyawa. Leda kuwa ba su san ta ba. Ko ta shekara goma a ciki, tana nan yadda ta shiga. Sai an buɗe."

Ya kalli san, ya ce, "Bismillah."

Da hantsi muka ɗaure shi a gindin tsamiya, yana tsaye. Na aske kwiɓin, na yi allurar kashe zafi, na tsaga fata da nama har na kai ga tumbi. Abin da na zaro, wallahi, sai da ya cika daro. Leda ta murɗe da igiya ta zama dunƙule ɗaya, ga wari mai tayar da zuciya. Masu kallo suna ta salati.

Yanzu sai ɗinki. Ga waɗanda ba su sani ba, zare iri biyu ne a jakar. Akwai shuɗi na nailan, na fata ne, bayan sati biyu a warware shi. Akwai kuma mai ruwan ƙasa da ke zuwa a jiƙe cikin fakiti, shi ne na ciki, ba a cire shi. Ina zura shi a allura sai na ji an riƙe mini hannu.

"Malam, wannan yaushe za ka ciro shi?"

"Ba a ciro shi, Baba."

"Af! Yanzu ka zaro igiya daga cikinsa, kuma ka mayar masa da wata?"

Gaskiyarsa ce, ai. Na ce masa wannan zaren daga hanjin tumaki ake yin sa. Nama ne ɗan'uwan nama. Zai riƙe yankan har ya haɗe, jiki kuma yana cin sa a hankali, kafin kaka babu ko alamarsa.

"Tunkiyar an yanka ta kuwa, ko mushe ce?"

Mutane suka kwashe da dariya. Na ce ban ga yankan ba, daga Turai ake kawo shi. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Bar wannan. Ka dai tabbatar mini babu abin da zai zauna a cikinsa."

Na ce, "Baba, ko sili ɗaya ba zai rage ba. Na ba ka magana."

Ya saki hannuna.

Tumbi ana masa ɗinki biyu ne, ɗaya a kan ɗaya, don kada abin ciki ya tsiyayo. Na gama na farko, na kusa ƙarshen na biyu, zare ya ƙare. Na fasa fakiti na biyu, wanda daga shi babu wani a ofishinmu kaf. Ashe ya huje tun tuni, ruwansa ya bushe. Rabinsa da na ja ɓas ya karye. Ɗan abin da ya yi saura kuma dole in bar wa naman kwiɓi. Ga ƙudaje, ga sa ya fara rawar ƙafa zai kwanta.

Saura wuri kamar faɗin yatsa uku. Na gyara tsayuwa yadda bayana zai tare idon Malam Isiya, na ɗauki shuɗin zaren, na yi ɗinki uku, na tura tumbin ciki. Na rufe nama, na rufe fata, na wanke hannu. Ban ce komai ba. Kunya ce ta hana ni, ba wani abu ba, yanzun nan na gama cika baki a gaban jama'a.

Na san nailan ba ya narkewa. Ko dai jiki ya naɗe shi da nama ya zauna lafiya, ko ya tara ruwa ya ruɓe. Sati biyu ina zuwa a keke kullum, Malam Isiya yana ta sa mini albarka, yana cewa bai taɓa ganin ma'aikaci mai kula haka ba. Bai san tsoro ne ke tuƙo ni ba. Kwana na huɗu sa ya fara tuƙa. Da ruwa ya zauna, ya shiga garma, ya yi huɗa. Ni ma na saki jiki, har na manta.

Damina biyar farin ya ƙara yi. Rannan, ranar kasuwa, aka ce Malam Isiya yana nemana a mayanka. San ya tsufa, ya sayar wa mahauta, amma ya kafa sharaɗi sai an nuna masa tumbin. Ya tara mutane, so yake su gani da idonsu cewa zare ya narke.

Na iso na tarar sun kewaye tumbin. Tabon yana nan, dogon layi fari, sumul, babu ko ɓurɓushin zaren hanji. A can ƙarshensa akwai wani ƙulli mai tauri kamar ƙwallon dabino, mahauci ya riga ya tsaga shi. Ga ɗinkin nailan nan guda uku, shuɗaye, sababbi fil kamar jiya na ɗaura su.

Malam Isiya ya ja ni gefe, bai ɗaga murya ba. Na gaya masa yadda aka yi, ban rage komai ba.

Ya ce, "Da ka faɗa mini a ranar, cewa zan yi ka sa. Me zan ce, sa yana tsaye ciki a buɗe? Amma Malam, shekara biyar ina yawo da maganarka. Duk wanda ya ji tsoron ɗinki ni nake rantse masa. Da za a yi wa 'yata aiki a asibiti, uwarta ta ƙi, ni na ce mata malamin dabbobi ya ce ko sili ba ya ragewa."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ya zaro zaren ukun, ya goge su da gefen rigarsa, ya zuba mini a tafin hannu. Ya ce, "Ungo kayanka. Aikinka ya yi kyau."

To, ku da za ku ci gaba da aikin nan, kaya za su sake yanke muku wata rana, ba a daina wahala ba. Ku yi da abin da ke hannunku, babu laifi. Amma ku juyo ku faɗa wa mai dabba, domin mutanen nan ba sa ajiye maganarmu a gida, ɗauka suke yi su kai wa wasu da rantsuwa. Bayan ranar Malam Isiya bai fasa kirana ba, bai kuma taɓa tayar da zancen ba. Sai dai duk lokacin da zan yi ɗinki, yakan zagayo ya tsaya ta gabana.