Gindin Kwakwar Baffa Illo

Ku mutanen Gangara ba sai na tuna muku laimar Baffa Illo ba. Baƙa ce mai lanƙwasasshen hannu, kullum tana hammata, rani da damina, amma ba wanda ya taɓa ganin ta a buɗe. Ranar kasuwa ruwa zai goce, kowa na neman rumfa, shi kuwa yana tafe jagab da abarsa a naɗe. In ka ce, "Baffa, buɗe mana!" sai ya harare ka ya ce, "Wannan ne ruwa? Ku je Panya ku ga ruwa."

Panya dai tsibiri ne a tsakiyar teku, gaba da Kalaba, inda shi da ƙanensa Issufu, wato mahaifina, suka je aikin gonar koko tun ina ciki. Baffa ya dawo, babana bai dawo ba. Tun tasowata, in na tambayi inda kabarin yake, amsa ɗaya ce: "Gindin kwakwa, hannun dama. Ko ido rufe na kai ka." Mu nan kuwa kun san icce shi ne kwatance. In an ce gindin gawon Tanko, to gindin gawon Tanko ne har jikoki. Shi ya sa ban taɓa tambayar wace kwakwa ba.

Da tsufa ya kama shi sai ya ce in shirya, zai nuna mini ubana tun ƙafa ba ta ƙi ba. Muka kama hanya har Kalaba, muka shiga jirgin ruwa.

Muna hango tsibirin na yi salati. Jama'a, gari guda ba a ganin ƙasa! Kore shar tun daga bakin ruwa har kan wani dutse da ya shige cikin hadari. Kwakwa kuwa kamar gero a gona.

Na ce, "Baffa, wacce ce a ciki?"

Ya ce, "Kai dai ƙauyanci ya yi maka yawa. Biyo ni."

Ya ƙi mota, wai a gari nasa ba ya shiga mota. Muka yi ta bulayi. Inda ya ce kantin wani Bature ne, muka tarar da gidan mai. Sau uku muna komowa bakin teku. A na ukun ya tsaya, ya riƙe ƙugu, ya ƙura wa ruwan ido.

"Da can a hagu yake."

"Haba Baffa, wa zai ɗauke teku?"

"Ba ka san mutanen nan ba, Mamman."

Muna nan tsaye, ba iska, ba ƙura, ba sallama, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Baffa ya washe baki. "Ka gani? Wannan shi ne ruwa!" Ya zaro laima, ya yi bisimilla, ya danna. Wallahi ƙyallen ya zube kamar busasshen ganye, sai ƙarafa tsirara. Kuna tsammanin ya yar? Ya ɗaga ta bisa kai, ya ci gaba da tafiya yana cewa, "Dubi ƙarfe, ko tsatsa babu. Kayan da ke nan!"

Wani tsoho Bakatsine mai tsire a ƙofar masallaci ne ya gane gonar da muke nufi, washegari ya raka mu. Ashe an daɗe da barin ta, daji ya cinye. Baffa ya kutsa, ya dafa wata kwakwa ya ce, "Wannan ce." Na durƙusa, hawaye na zuba, muka yi fatiha. Ko tashi ban yi ba ya ce, "A'a, waccan ce." Muka koma can. Kwakwa biyar na yi wa kuka a ranar. A ta shida raina ya ɓaci, na faɗi abin da har yau nake jin kunyarsa.

"Shekara arba'in kana ce mini ido rufe! Ga idon a buɗe, ina ubana?"

Bai harare ni ba. Ya zauna cikin taɓo, ya nuna ƙugunsa. "Iyakar tsayin kwakwar ke nan lokacin, Mamman. Kuma ita kaɗai ce a wurin. Ban san za ta yi 'yan'uwa ba." Ban taɓa ganin Baffa na kuka ba sai ranar, kuma ni na sa shi. Ya share fuska da hula ya ce, "Ka yafe mini. In na mutu, ka zo kaina ka yi addu'ar mutum biyu. Ni zan kai masa tasa. Can ba na ɓata hanya."

Abin da nake yi ke nan kowace Juma'a, in kun gan ni na daɗe a maƙabarta. Allah Ya jiƙan Baffa Illo, Ya haskaka kabarinsa, Ya sada shi da ƙanensa. Amin.