Gizo-gizon da Ke Zaune a Bakin Tulu

Sana'ata a Makka turin keken gajiyayyu ce, tsakanin masauki da Harami. A bakin wannan aiki na haɗu da wani tsoho ɗan Malesiya, manomi, mai yawan surutu. Larabcinsa guntu-guntu, nawa ma haka, amma muna fahimtar juna.

Wata rana da hantsi mun tsaya a inuwa ya huta, sai ya ciro waya yana nuna mini hotunan gonarsa. A ciki akwai wani tsiro na bakin daji, ganyensa kamar ƙaramin tulu, har da marfi, da ruwa a ciki. Ya ce zaƙin bakin tulun ne ke jawo ƙwari, su zame su faɗa, tsiron ya narkar da su ya rayu. Ya ƙara girman hoton, sai ga wani ɗan gizo-gizo maƙale daga ciki, ƙafafunsa a buɗe kamar na ƙaguwa.

"Wannan ba ya saƙa," in ji tsohon. "Zama kawai yake yi a ƙofa. Abin da ya zo don tsiron, shi ke fara kamawa. In ya ji motsi, sai ya nutse cikin ruwan ya ɓuya."

Na ce, "Ɓarawo ke nan, Alhaji."

Ya yi dariya. "A'a, ɗana. In ya ci, yana sakar wa tsiron saura."

Na ci gaba da tura shi, amma maganar ta tsaya mini a rai, don ni ko saura ban taɓa bari ba.

Yayata ce ta kawo ni ƙasar nan. Tana sayar da tuwo a unguwar Misfala, a ɗakinta na fara kwana, a tukunyarta nake ci har yau. Ita ce 'yar fari a wurin Innarmu, kuma Inna mutuniyar da ce, mai tsananin kunya. Ba ta kiran sunan Yaya, ba ta yi mata magana kai tsaye. In na buga waya gida, ni take tambaya lafiya, sannan ta ce, "Mutanen gidan fa?" Shi ke nan.

Amma duk shekara, in alhazan garinmu za su taso, Inna kan ba su ƙulli: daddawar da ta yi da hannunta, da kuka, da yaji. Tunda ba za ta ambaci 'yar fari ba, sai ta ce a kai mini. Na san ko na wane ne. Ni ba na girki. Sai in karɓa a masaukin alhazai, in raba wa abokaina a unguwar Jarwal, su riƙa cewa mahaifiyata na ji da ni. Wannan yabon nake so, ba daddawar ba.

Yaya ta taɓa cewa, tana tuƙa tuwo, "Kai dai ɗan gata ne. Ni Inna ta manta ta haife ni." Na ji, na sunkuyar da kai, na ci gaba da cin abincina.

A shekarar da na haɗu da tsohon nan, Inna ta fara ciwon ƙafa, an ce da kyar ta iya haɗa ƙullin. Na kai wa Yaya shi ban kwance ba. Na zauna a bakin ƙofa na faɗa mata komai.

Ta kwance, ta shinshina daddawar, sannan ta dube ni.

"Shekara nawa?"

"Tun zuwana, Yaya."

"Kai da wa kuka ci?"

"Ban ma ci ba. Rabarwa na yi."

"Wawa," ta ce a hankali. "Ko ci ka yi da na ji sauƙi."

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban ga fuskar roƙo ba. Ta goge hannu a zane, ta ce in kira gida. Da Inna ta ɗauka, Yaya ta karɓi wayar.

"Inna, saƙo ya iso."

Na matso kusa don in ji. Sai Inna ta ce, kamar da wani take magana a gefenta, "A ce mata kada ta zuba da yawa. Ta bana ta yi ƙarfi."