Keken da Ke Lungu

A shagon ɗinkin da ke ƙasan bene, Shiru ake ce mata. Kekenta na can lungu bayan tulin yaduka, inda masu kawo ɗinki ba sa kaiwa. Kalmasa da sa maɓalli ne aikinta. Ko ciniki ba ta yi a kasuwa, abin da aka faɗa shi take biya don kada magana ta yi tsawo.

Da can albashinta ba ya kwana. Yayarta za ta zo ta zauna bakin gado ta ce, "Ƙanwata, 'yar buƙata ce," ita kuwa ba ta iya a'a ba. Sai ta samo dabara a waya: ajiyar banki mai yankar wani abu da kanta duk wata, ta kulle sai shekara ta zagayo. Ba layi, ba gaisuwa.

Da Yaya ta sake zuwa, ta ce mata, "A kulle suke, Yaya."

"Kuɗinki ne ko na gwamnati?"

"Ko ni ba na iya taɓawa."

Rannan mai shago ya leƙo lungun. "Shiru, zan rage kekuna. Wannan ya san ƙafarki, ke na fara yi wa tayi. Ki saya ki ci gaba da zama a nan. In mako ya ƙare akwai mai so, kuma in ya tafi ba ni da inda zan zaunar da ke."

Kuɗin ajiyarta sun isa sayen keken. Sai dai buɗe ajiya kafin lokaci sai an kira banki an yi magana da mutum. Ta shiga ɗakin gwaji, ta ja labule, ta yi bitar abin da za ta faɗa, ta kira.

"Barka da rana, da me zan taimaka?"

Duk abin da ta shirya ya ɓace mata.

"Ana ji na kuwa?"

Ta kashe. Washegari ma haka.

Da Yaya ce a gefenta, da tuni an gama, bakinta ya fi almakashi kaifi. Amma ranar da Yaya ta san ƙofar tana buɗuwa, ajiya ta ƙare.

Da mako ya ƙare mai sayen ya zo, suka cicciɓi keken shi da mai shago.

"Ba ki ce komai ba, na ɗauka ba kya so," in ji mai shago.

Ta miƙa hannu ta zare zarenta daga kan keken. Wayarta ta yi ƙara a jaka. Saƙon banki ne: an cire na wannan watan, an ƙara a ajiya.