Ƙugiyar da ta hau da laka

Ina tsugune gaban injin wasan nan mai ciro 'yan tsana da ƙugiya, a wani butik, wato kanti, a Buza, sai ƙugiyar ta sauka da kanta. Na riga na cire wayar wuta fa.

Alhaji mai butik ya kira ni gyara ne don ta daina kamawa. Ƙugiyar ta nutse har cikin simintin ƙasa, igiyar na ta warwara fiye da tsawonta, sannan aka fizge ta daga ƙasa. Ta hau a jiƙe da baƙar laka, tsakiyar rani.

Na ce, "Alhaji, mi ke ƙarƙashin simintin ga?"

Ya ce, "Rijiya ce. Da mai ginarta ta rufta."

Jama'a, wanda ya ja igiya daga ƙasa, mi yake roƙo in ba a fid da shi ba?