Duwatsun Murhun Inna

Da sana'ar daddawa mahaifiyata, Inna, ta raine mu a Birnin Tsaba. Ɗorawa ɗaya ta rage a gonarmu, daga ita take samun kalwa, ita kuwa kalwa ba ta nuna sai ta wuni a kan wuta. Da daji ya ja baya, shigarsa kuma ta zama kasada, itace ya fi ƙarfinmu. Baffa, ƙanen mahaifina da gonar ke hannunsa, ya yanke shawarar a sare ɗorawar a yi makamashi, har ya yi magana da mai gatari. Na tambaye shi, idan an ƙone ta, me za a dafa baɗi? Bai ji daɗi ba, ni kuma ko a jikina.

A lokacin ne wata ƙungiya ta raba wa mata murhun ƙarfe mai rage cin itace. Inna ta jujjuya shi ta ce, "Wanga ai na shayi na. Ina za ni aza tukunyata?" Gaskiyarta, tukunyar kalwa sai mutum biyu ke sauke ta.

Ban tsaya jin kunya ba, na tare ma'aikaciyar ƙungiyar na jawo ta har madafinmu. Ta duba ta ce akwai na laka, ana gina shi daidai gindin tukunya, amma sai an kwashe duwatsun murhun.

Inna ta ɗaure fuska. "Uwata ta kafa min su randa aka kawo ni gidan ga. Ba su fita."

Na san Inna, gardama ba ta motsa ta. Na ce to a bar su inda suke, mu yi ginin a kansu. Muka kwaɓa jar ƙasa da ƙaiƙayi, ni da baƙuwar, hannu duk laka, muka kewaye duwatsun muka bar ƙofa ɗaya. Inna tana gefe tana tsaki.

Da ya bushe aka ɗora tukunya. Kara da 'yan ƙiraren da a da ba sa kai mu azahar, su suka kai mu la'asar, kalwa ta yi laushi. Na ji daɗi har idona ya kawo ruwa.

Da mai gatari ya yi sallama, Inna da kanta ta fita. Ta miƙa masa daddawa a leda ta ce, "Ka gaida gida. Iccen ga da sauran aikinai."