Hannun Daman Yayana

Mu biyu mahaifinmu ya bari a sana'ar shanu, ni da yayana. Ya girme ni da shekara bakwai, kuma duk abin da na iya a bayansa na koya. Gidanmu yana Zongon Parakou, amma kusan kowane mako muna kan hanyar Djougou. Can muke sayen shanu a hannun Fulani, wani lokaci mu shiga har ƙauyukan Onklou a kan babur, mu tara abin da ya samu, mu loda a kamiyo, wato babbar motar kaya, mu kawo wa mahautan kasuwar Arzèkè.

Yaya mutum ne mai hanzari, ba ya son aiki ɗaya ya cinye masa hannu biyu. In ya kama bijimi, sai ya naɗa igiyar sau biyu ko uku a wuyan hannunsa na dama, hagu kuwa ya bar shi don amsa waya da nuna wa direba inda zai tsaya. Ba shi kaɗai ba ne, yawancinmu haka muke yi. Da silifa muke hawa katakon lodi, ko da ruwa da kashin shanu sun jiƙa shi, don takalmi mai rufi zafi gare shi. Babu wanda ya zaunar da mu ya koya mana haka. Gani muka yi, muka ɗauka.

Akwai wani dattijon Bafulatani da muke yawan ciniki da shi. Ya taɓa ce wa Yaya igiya a tafin hannu ake riƙe ta, yadda in dabba ta fi ƙarfin mutum zai sake ta. Yaya ya yi dariya, ya ce shekara ashirin yana haka, ko ƙwarzane bai taɓa samu ba.

Ranar da abin ya faru da damina ne, an yi ruwa da asuba ya ɗauke. Shanu shida muka saya a kasuwar Djougou. Biyar sun hau lafiya, saura wani jan bijimi wanda tun safe bai ba kowa wahala ba. Yaya yana gaba yana ja, ni ina baya riƙe da wutsiya. Bijimin ya kai tsakiyar katako sai waya ta yi ƙara a aljihun Yaya. Na ga ya ƙara naɗa igiyar sau ɗaya, ya zaro wayar da hagu. Wani mahauci ne daga Parakou yake tambayar yaushe za mu iso. Na ga naɗin nan da idona, ban ce komai ba. Ban saba gyara wa Yaya aiki ba.

Daidai nan wani mai zemijan, babur ɗin haya, ya ratso kusa da mu yana danna oda. Bijimin ya firgita ya yi tsalle gefe, ya diro daga katakon. Igiya ta miƙe. Silifan Yaya suka zame, ya faɗi, hannunsa ya shiga tsakanin igiya da ƙarfen ƙofar kamiyo, ga nauyin bijimin yana ja daga ƙasa. Na ji wani sauti kamar an karya busasshen kara. Wani makiyayi da ke kusa ya zaro wuƙa ya yanke igiyar. Wayar tana cikin taɓo, mahaucin yana ta alo, alo.

Yaya bai yi ihu ba. Ya zauna yana kallon hannun, yana maimaita innalillahi. Na cire rigata na ɗaure masa, muka ɗora shi a babur tsakanina da mai tuƙi zuwa asibiti. Da la'asar likita ya fito ya gaya mini babban yatsa da manuni ba za su tsira ba, sauran ukun kuma sai abin da Allah ya yi. Da na kira mahaifiyarmu na faɗa mata, sai ta tambaye ni ko ya samu ya yi azahar.

Bayan kwana goma muka dawo Parakou. Masu zuwa jaje kowa cewa yake ƙaddara ce, ba a tsallake ta. Gaskiya suka faɗa, ni ma da haka nake amsawa. Amma in na kaɗaita, naɗin nan na ƙarshe nake gani, da bakina da ya kasa buɗewa.

Ciwon ya warke, sai wani abu ya biyo baya. Yaya ya daina fitowa zaure cin abinci tare da mu. Yatsu ukun da suka rage sun sandare, ba sa yanka loma, shi kuwa yana jin kunyar a gan shi yana ci da hagu. A ɗaki ake kai masa, matarsa ta ce sau da yawa kwanon yana dawowa kamar yadda ya shiga. Ya rame har rigunansa suka yi masa yawa.

Limamin masallacin unguwarmu abokin mahaifinmu ne tun suna samari. Da labari ya kai masa, ya zo wata Juma'a bayan an sauko, ya zauna a zaure ya ce a kawo sakwara, a kuma kira masa ɗansa, yana nufin Yaya. Yaya ya fito yana ɓoye hannun cikin riga. Malam ya wanke hannu, ya turo kwano tsakiyarsu.

"Baba, da hagu nake ci yanzu," in ji Yaya, kansa a ƙasa.

"Wanda ya ba ka dama, shi ya ba ka hagu," in ji Malam. "Ya karɓi ɗaya ya bar maka ɗaya. Yi bisimilla, yunwa nake ji."

Daga baya Yaya ya miƙa hannu. Lomar farko ta faɗo masa a cinya, Malam ya yi kamar bai gani ba, ya ci gaba da ba mu labarin yadda doya ta yi kyau bana. Suka cinye kwanon tare.

Wata biyar ya yi kafin ya sake taka kasuwar shanun Djougou. Yanzu ba ya kama igiya. Shi ke duba haƙora da ƙafafun dabba, shi ke ciniki, ni da wasu muke lodi. In ya ga wani ya naɗa igiya a hannu yakan je ya yi masa magana a hankali. Wasu su warware, wasu su ce to, yana juya baya su mayar. Ni na sayi takalmi mai rufi, kuma wayata a mota nake barin ta sai an rufe ƙofar kamiyo.

Tun rasuwar mahaifinmu Yaya ne ke yanka ragon layya a gidan. Babbar sallar shekarar nan, da muka dawo daga idi, ya ɗauko wuƙar ya wasa ta da kansa, ya danne dutsen da ƙafa. Sannan ya miƙo mini ita ta wajen ƙota. Ya durƙusa ya riƙe ƙafafun ragon da hagu, ya ce in yi da sunan gidan duka. Na yi bisimilla na yanka.