Dutsen Taimamar Inna

Maigidana direban babbar mota ne, ya daɗe yana ɗauko siminti daga wajen Gombe. Wasu matan tsarabar kilishi ake kawo musu, ni duwatsu. Ni na jawo. Ranar da ya zazzage aljihu wani ɗan dutse ya faɗo, a nannaɗe kamar gammo, jikinsa layi-layi kamar an yi masa kitso, na yi ta juya shi har tuwona ya kama. Tun daga nan in ya tsaya kusa da inda ake fasa dutse sai ya tsinto min. Na sauke tangaran daga kabad na jera duwatsun a ciki. Maƙwabtanmu a Fagge suka ce na samu taɓin hankali mai tsafta.

Babban cikinsu ya cika tafin hannu biyu, ga santsi. Da ciwon fata ya kama Inna, uwar maigidan, likita ya hana ta taɓa ruwa, dutsen nan na ba ta take taimama da shi. Ta yi wata biyu tana buga hannu a kansa.

Ni ba mai fita ba ce, ɗinkina nake a gida, sai maɓalli ya ƙare nake leƙa Sabon Gari wurin wata Madam, Inyamura, tsohuwar malamar makaranta. Rannan ina laluben samfurin maɓalli a jaka, ƙaramin dutsena ya gangaro kan teburinta. Ta cafe shi kafin ni. Ta shige ciki ta fito da gwangwanin madara cike da irinsu, na garinsu, wai babanta ma fasa dutse yake yi. Muka baje su a kan yadi muna gwadawa, masu sayen zare na tsaye muna ce musu su dawo.

"Hajiya, kin san mene ne wannan?" in ji ta. "Dodon koɗi ne na teku. Ya mutu, laka ta rufe shi, ya zama dutse."

Na ce ina Gombe ina teku. Ta rantse wai a da can wurin duk ruwa ne, tun zamanin da ba mai iya lissafawa. Ta nuna min ɗakuna-ɗakunan da ke cikin wani da ya fashe, ta ce a na bakin ƙofa dabbar take zama. Dariya ta kama ni har na zauna a kan buhun zare. Ni da ko kogin Wudil sai ta tagar mota na gan shi, ashe teku nake sharewa ƙura kowace Juma'a.

Sai a cikin a-daidaita-sahu, muna Titin Ibrahim Taiwo, wani tunani ya katse min dariyar. In dabba ce ta mutu ba yanka, mushe ke nan. A kan mushe na sa tsohuwa ta yi sallar wata biyu?

Da isata gida, ban ko cire mayafi ba, na saci dutsen Inna tana gyangyaɗi, na yi sallama a zauren malamin unguwarmu. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ƙwanƙwasa dutsen da makulli, ya kankare gefensa, ya shinshina, ya tambaya ko akwai sauran nama ko ƙashi. Na ce ko ɗigo.

"To abin da ya zama dutse, dutse ne," ya ce. "Sallarta na nan."

Amma bai miƙo min ba. Ya yi ta bin layukan da farce yana tasbihi, can ya tambaya a hankali ko ina da ƙarami da ba na so.

Na dawo gida da dutsen kamar in yi rawa a layi. Na faɗa wa Inna komai, daga tekun har zauren malam, ina haɗa magana biyu a numfashi ɗaya. Ta karɓi dutsen ta duba shi ciki da bai.

"Da ya ce in rama," ta ce, "da gwiwoyin nan nawa, ke za ki riƙa ɗaga ni kina saukewa har mu gama."

Ta ajiye shi a gefen dardumarta, ta ce in matsa mata, la'asar ta yi.